Darasi: Wane Ne Mai Waƙa Bayan An Sa Hannu?

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Karin maganar bai faɗa mana wane ne mai itan ba, domin a zamanin da aka yi shi babu mai buƙatar tambaya. Ku saurari yadda muke magana har gobe: mukan ce "waƙar Shata", mukan kuma ce "waƙar Sarkin Daura", alhali waƙa ɗaya muke nufi. Na farko shi ya yi ta, na biyu shi aka yi wa. A tsarin makaɗanmu na da, lissafi yakan ƙare ranar da aka rera. Ubangida ya ji daɗi ya ba da riga ko doki, daga baya aka koma mota da kujerar Makka, makaɗi ya sallami yaransa, kowa ya kama gabansa.

Yau labari ya sha bamban. Waƙar da aka naɗa a wani ɗan ɗaki a Kano ko Maraɗi, kafin mako ya zagayo ana jin ta a Kumasi da Jidda da Landan, kuma duk sanda aka danna ta a Spotify ko Boomplay ko YouTube, wasu 'yan kwabbai na taruwa a wani asusu. Asusun wa? Amsar tana cikin takardar da marubucin waƙar ya sa wa hannu, galibi da Turanci, galibi cikin gaggawa, wani lokaci ma a kan bonet ɗin mota.

Darasin nan na marubucin waƙa ne, wato wanda ya tsara baitoci da karin murya, ko shi zai rera ko wani. Za mu koyi karanta sashen mallaka na yarjejeniyar da kamfani ke miƙo masa. Tun yanzu ku san ra'ayina: adadin kuɗin da aka rubuta a shafin farko shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba.

Waƙa ɗaya, dukiya biyu

A idon doka, abin da kuke ji a waya dukiya biyu ce a haɗe. Ta farko ita ce waƙar kanta, baitoci da karin da aka ɗora su a kai. Ta biyu ita ce muryar da aka naɗa a situdiyo ranar kaza, wadda 'yan harkar ke kira masta. Idan mawaƙa biyar suka rera waƙa ɗaya, an sami masta biyar ke nan, waƙa kuwa tana nan guda, kuma mai ita yana da kaso a duka biyar ɗin.

Mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta nuna wa duniya amfanin wannan bambanci. A 2019 aka sayar da kamfanin Big Machine, wanda ke riƙe da mastocin kundinta shida na farko, ga wani ɗan kasuwa da ba ta so. Ba ta da ikon hanawa, don mastocin ba nata ba ne. Amma ita ta rubuta waƙoƙin. Sai ta koma situdiyo ta sake rera yawancinsu, ta fitar da sababbin mastoci nata na kanta, masoyanta suka koma kansu. A 2025 ta sayi tsofaffin ma. Da ta rabu da ikonta a kan dukiya ta farko kamar yadda ta rasa ta biyu, da wannan dabara ba ta yiwu cikin sauƙi ba.

Dukiyoyin biyu ba tsawon rai ɗaya gare su ba. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ana kare waƙa tsawon rayuwar marubucinta, da ƙarin shekara 70 daga ƙarshen shekarar da ya rasu. Masta kuwa shekara 50 ne daga fitowarsa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, don haka waƙoƙinsa na cikin kariya har ƙarshen 2069. Na Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, har 2061. Na Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, har 2085. Dukiya ce da ake gada kamar gida da gona. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa.

Ku riƙe wannan lissafi da kyau. Idan matashi ɗan shekara 25 ya sa hannu cewa ya ba da waƙarsa "tsawon rayuwar haƙƙin mallaka", Allah kuma ya ba shi shekara 75 a duniya, to shekara 120 ya bayar. Ya yanke wa jikokin da ba a haifa ba hukunci da biro ɗaya.

Ba sai an yi rajista haƙƙin ke tabbata ba. Da zarar waƙa taka ce ka ƙirƙira, ka kuma adana ta a takarda ko a murya cikin waya, ta shiga kariya. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana yin rajista ga mai so, kuma amfaninta shi ne hujja ranar gardama. Tun da Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993, kariyar takan bi waƙar zuwa sauran ƙasashen da ke ciki.

Wane ne fablisha?

Sunan ya samo asali tun lokacin da ake buga waƙa a takarda ana sayarwa, kafin zuwan garmaho. Kamfanin faifai da masta yake hulɗa, fablisha kuwa da waƙar kanta. Shi ke yi mata rajista a ƙasashe, ya bi sawun kuɗinta, ya tallata ta ga masu fim da masu talla da wasu mawaƙa, ya kuma kai ƙarar wanda ya ci ta ba izini. Aiki ne na gaske, kuma marubucin da ke zaune a Gusau ba zai iya bin kuɗinsa a gidan rediyon Faransa da kansa ba. Ban zo in ɓata fablisha ba. Dillalin kirki albarka ne a kasuwa. Matsalar tana farawa ne ranar da dillali ya wayi gari shi ne mai shanun.

Ladan amfani da waƙa, wato royalti a bakin 'yan harka, ta manyan ƙofofi uku yake shigowa. Akwai na kunnawa a bainar jama'a, kamar rediyo da talabijin da otal da ɗakin taro. Akwai na kwafi, tun daga faifai da kaset zuwa manhajojin sauraro na yau. Akwai kuma na ɗora waƙa a kan hoto mai motsi, fim ko talla, wanda ake cinikinsa ɗaya bayan ɗaya.

Kuɗin ƙofa ta farko ƙungiyoyi ke tattara shi, kuma asalinsu labari ne mai ban dariya. A 1847 wani marubucin waƙa, Ernest Bourget, ya zauna a wani gidan shaƙatawa a birnin Paris ya ji ana rera waƙoƙinsa. Da aka kawo masa lissafin abin da ya sha, ya ce faufau ba zai biya ba, tun da shi ma ba a biya shi ba. Magana ta kai kotu, ya yi nasara, a 1851 aka kafa ƙungiyar SACEM. A Amurka akwai ASCAP tun 1914 da BMI tun 1939. A Nijar akwai BNDA, a Ghana akwai GHAMRO. A Nijeriya akwai MCSN, kuma an daɗe ana taƙaddama tsakaninta da COSON kan wa ke da ikon karɓa, saboda haka kafin ka shiga wata ƙungiya, tambayi Hukumar wace ce ke riƙe da izininta a yanzu.

Sayarwa ce ko haya?

Nan ne zuciyar darasin. Duk wanda ya tashi a karkara ya san bambancin sayar da gona da ba da ita haya ko aro. Wanda ya ba da haya yana iya zuwa bayan kaka ya ce a ba shi abinsa. Wanda ya sayar, ko ya ga an haƙo zinariya a ciki, sai dai ya yi kallo.

A yarjejeniyar waƙa, sayarwa ita ce miƙa mallaka, abin da lauyoyi ke kira asayimen. Haya ita ce lasisi. Lasisi iri biyu ne. Keɓantacce shi ne wanda mutum ɗaya kaɗai aka ba, har kai mai waƙar ba ka da damar yin abin da ka ba shi izini a kai har wa'adi ya cika. Wanda ba keɓantacce ba kuwa kana iya ba mutum goma a lokaci guda. Kada kanun takarda ya ruɗe ku. Ana iya rubuta "yarjejeniyar kulawa" da manyan baƙaƙe a sama, a shafi na uku kuma a sa kalmar miƙa mallaka. Alƙali abin da ke ciki zai karanta.

Labarin Solomon Linda ya ishi kowa darasi. Bazulu ne, mawaƙi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu. A 1939 shi da ƙungiyarsa, Evening Birds, suka naɗa waƙar "Mbube", wato zaki, a kamfanin Gallo. Ta karɓu ƙwarai. Linda ya miƙa wa kamfanin haƙƙinta a kan sule goma, ya kuma yi aikin jera faifai cikin kwali a wannan kamfani. Faifan ya tsallaka teku, ƙungiyar Weavers ta Amurka ta rera shi a farkon shekarun 1950, sannan a 1961 ƙungiyar Tokens ta fitar da shi da baitocin Turanci ya zama na ɗaya a Amurka. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. A 1994 waƙar ta shiga fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney, 'ya'yansa mata kuwa na zaune a Soweto da ƙyar suke kai bakinsu.

Abin da ya cece su wani tsohon sashe ne na dokar Daular Ingila ta 1911, wadda ta shafi Afirka ta Kudu a zamanin Linda. Sashen ya ce duk abin da marubuci ya miƙa, yana komawa ga magadansa shekara 25 bayan rasuwarsa. Bayan ɗan jarida Rian Malan ya tono labarin a mujallar Rolling Stone a 2000, lauyoyi suka shigar da ƙara a 2004, aka sasanta a 2006. Daga naɗa waƙar zuwa sasantawar shekara 67 ke nan. Kuma ku lura, dacen wata tsohuwar doka ne ya fitar da su. Takardar da Linda ya sa wa hannu ba ta bar musu ko tsinke ba.

Dokar Nijeriya ta ba marubuci garkuwa ɗaya mai ƙarfi: miƙa mallaka da keɓantaccen lasisi ba sa aiki sai a rubuce. Lasisin da ba keɓantacce ba ne kawai ke ƙulluwa da baki ko da abin da mutane suka aikata. Wannan ya shafi abin da aka saba a masana'antar Kannywood. Furodusa ya kira marubuci ya ce yana son waƙa biyu a fim ɗinsa, aka yi ciniki, ya tura kuɗi, shi ke nan. A ransa ya sayi waƙa. A doka, muddin ba rubutu, izinin amfani ya samu, waƙar tana nan ga mai ita. Fim ɗin nasa ne, masta ma yana iya zama nasa, amma baitoci da kari ba su motsa ba. Sai dai fa a yi hattara da rasit. Layi ɗaya da ke cewa "na sayar da waƙata da dukkan haƙƙoƙinta", da sa hannunka a ƙasa, rubutu ne.

Akwai wata kalma da ta fi sayarwa zafi, wadda ke zuwa a takardun kamfanonin Amurka: aikin ƙodago. A dokarsu, idan waƙa ta faɗa wannan rukuni, misali ma'aikaci ya yi ta a bakin aikinsa, ko an ba da kwangilarta a rubuce don fim, kamfanin ne doka ke ɗauka a matsayin marubucin tun ranar farko. Wanda ya sayar aƙalla ya taɓa mallaka. Wannan bai taɓa ba. Shi ya sa dole a duba ƙarshen takarda, inda ake faɗin dokar ƙasar da za ta yi hukunci da garin da za a yi shari'a. Marubucin da ke Kaduna, aka ce sai a New York zai kai ƙara, kusan an ce masa kada ya kai ne.

Rabo

Al'adar harkar ita ce a kasa kuɗin waƙa gida biyu: rabi kason marubuci, rabi kason fablisha. Duk cinikin da ake yi, a kan rabi na biyu ake yinsa. A tsohuwar cikakkiyar yarjejeniya, kamfani ya mallaki waƙar ya ɗauki kasonsa duka, a tashi 50 da 50. A ta tarayya, marubuci ya riƙe rabin mallaka, ya ci nasa 50 ya ƙara da rabin na fablisha, a tashi 75 da 25. A ta kulawa, mallaka na nan wurin marubuci, kamfani wakili ne kawai na 'yan shekaru, yana cire la'adarsa, galibi tsakanin kashi 10 zuwa 25. Ta ukun ta fi tsabta, amma ba kasafai take zuwa da kuɗi mai kauri a hannu ba, kuma wakilin da ke cin kashi 15 ba lallai ya yi maka yawon talla ba. Kowace da ranarta.

Wani lokaci ba kamfani ke neman kason ba, babban mawaƙi ne. A shekarun 1970 Elvis Presley ya so rera wata waƙar Dolly Parton. Manajansa, Kanar Tom Parker, ya ce sharaɗinsu shi ne a ba su rabin kason fablisha. Ta ƙi, kuma ta sha faɗa cewa sai da ta yi kuka. A 1992 Whitney Houston ta rera wannan waƙa a fim ɗin The Bodyguard, ta zaga duniya, haƙƙin kuwa yana hannun Dolly bai gutsure ba. Irin wannan tayi yana zuwa wa ƙananan marubutanmu kullum: "Kawo in rera maka, ai sunana zai ɗaga ta." Gaskiya ne sunan babba na ɗaga waƙa. A yi ciniki a kan kaso, na wa'adi. Kada a yi a kan mallaka.

Bayan an san kason, a tambaya: kaso na me? Mu ɗauka waƙa ta tara abin da ya kai naira 1,000,000 a Faransa, kuma rabonka kashi 75 ne. Idan takarda ta ce za a lissafa daga tushe, wato daga abin da aka tara a can, naka 750,000 ne. Idan ta ce daga abin da ya iso hannun kamfani, to wakilinsu na Faransa zai fara cire nasa, mu ce kashi 25, saura 750,000, kashi 75 na wannan kuwa 562,500 ne. Naira 187,500 ta tafi, alhali takardun biyu duk "75" aka rubuta. Abin takaicin, sau da yawa wakilin na can reshen kamfanin ne, aljihun dama ya ba na hagu.

Kafin alƙalami

Kuɗin da ake bayarwa ranar sa hannu kafin alƙalami ne, daga ladanka na gaba aka ɗebo. Mu ce an ba ka naira 2,000,000, rabo 50 da 50, waƙoƙinka na tara wa kamfani 1,000,000 a shekara. Kasonka 500,000 ne, kuma daga shi kaɗai ake cire bashin. Shekara huɗu ba ka ganin ko sisi daga wurinsu, su kuwa a shekarun nan sun mayar da kuɗinsu sun kuma ci 2,000,000 nasu. Wannan ba cuta ba ce, haka tsarin yake, domin su suka ɗauki kasada. Abin dubawa biyu ne. Na ɗaya, takarda ta fito fili ta ce idan waƙoƙin ba su tara ba, ba za a bi ka bashi daga aljihunka ba. Na biyu, idan kamfani ɗaya ne ke riƙe da mastanka da waƙarka, kada ka yarda a gwama asusun biyu, a riƙa biyan kuɗin bidiyo da na situdiyo daga ladan rubutunka.

Ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI suna biyan marubuci kasonsa na kunnawa kai tsaye, ba ta hannun fablisha ba. Sau da yawa wannan ne kuɗin cefanen marubuci a shekarun biyan bashi. Duk takardar da ta ce ka juya wa kamfani shi, ka ajiye biro.

Yaushe za ta dawo?

Wa'adi biyu ne a yarjejeniya, mutane kuma kan ga ɗaya. Na farko shi ne shekarun da duk abin da ka rubuta ke shiga hannun kamfani. Na biyu shi ne shekarun da zai ci gaba da riƙe waɗannan waƙoƙi bayan kun rabu. Ana iya cewa yarjejeniyar shekara uku ce, ka yi murna, alhali waƙoƙin shekara ukun sun tafi har abada.

Ko wa'adin farko ma yana miƙewa kamar danƙo. Idan aka ce shekara ba ta cika sai ka kawo waƙa goma, ka sani waƙar da kuka rubuta ku biyu rabi ake ƙirga ta. Mai rubutu da abokin aiki sai ya kawo ashirin. Idan aka ƙara da cewa sai waƙar ta fito kasuwa za a ƙirga, to an ɗaure ka da abin da ba ya hannunka.

A 1966 wani matashi a Ingila, Tony Macaulay, ya sa hannu da kamfanin Schroeder. Fam 50 aka ba shi kafin alƙalami. Ya miƙa duk abin da zai rubuta na shekara biyar, idan ladansa ya haura fam 5,000 wa'adin ya zama goma. Kamfani na iya sallamarsa da sanarwar wata ɗaya, shi ba ya iya fita. Mafi muni, babu inda aka wajabta wa kamfanin ya fitar da ko waƙa ɗaya, yana iya kulle su a durowa. A 1974 kotun ƙolin Ingila ta lokacin, wato Majalisar Dattawa, ta ce wannan tauye sana'a ne, yarjejeniyar ba ta ɗaure shi ba. Darasin da marubuta suka ɗauka shi ne su nemi a rubuta cewa duk waƙar da kamfani bai yi komai da ita ba cikin shekara biyu ko uku, ta dawo gida. Dokar Faransa ma ta soke miƙa dukkan ayyukan da mutum zai yi nan gaba a dunƙule.

Wanda ka sayar wa, shi ma yana iya sayarwa. John Lennon da Paul McCartney sun zuba waƙoƙinsu a kamfanin Northern Songs a 1963. A 1969 abokin tarayyarsu Dick James ya sayar da hannun jarinsa ga kamfanin ATV. A 1985 Michael Jackson ya sayi ATV Music kan dala miliyan 47.5, McCartney yana ji yana gani. Dokar Amurka ta ba marubuci damar karɓe abin da ya miƙa bayan shekara 35, ko 56 ga tsofaffin waƙoƙi, kuma a kanta McCartney ya dogara ya kai ƙarar Sony/ATV, kamfanin da waƙoƙin suka koma hannunsa, a 2017 aka sasanta. Wannan dama a cikin Amurka take aiki, kuma ba ta shafi aikin ƙodago ba. Kai da ke nan, ƙofar dawowarka ita ce wadda ka rubuta da hannunka. Ko an rubuta ma akwai jan aiki: King Sunny Ade ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da kamfanin African Songs a 1970, amma rigimar mastocinsa sai a 2015 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke, ta ce a biya shi naira miliyan 500.

A nemi kuma a rubuta cewa kamfani zai kawo lissafi aƙalla sau biyu a shekara, kuma kana da ikon turo akanta ya duba littattafansu.

Suna, da rantsuwar cewa taka ce

Akwai abin da ba ya sayuwa. Dokar Nijeriya ta ba marubuci haƙƙin a ambaci sunansa, da haƙƙin hana a lalata aikinsa ta yadda zai zubar masa da mutunci, kuma wannan ba ya komawa hannun wani muddin yana raye. A ƙasar da jarumin fim ke motsa baki, 'yan kallo su ce waƙarsa ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sunan da ya fito a allo shi ke kawo aiki na gaba.

A gefe guda, kusan kowace yarjejeniya na sa marubuci ya tabbatar cewa waƙar tasa ce tsantsa, kuma idan wani ya kai ƙara, shi zai ɗauki asarar. Manu Dibango na Kamaru ya bi Michael Jackson kan wani ɗan amshi da aka ɗauko daga waƙarsa "Soul Makossa" ta 1972, sai da aka biya shi. Mu da muka san yawan karin finafinan Indiya da aka yi wa riga da Hausa, mu yi wa kanmu faɗa. Muddin waƙa tana yawo a wayoyin unguwa ba mai kulawa, amma ranar da ta shiga manhajar duniya, na'ura ce ke sauraro. Haka waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na niƙa: doka ta sa su cikin kayan gargajiyar al'umma da Hukumar ke kula da su. Abin da ka ƙara naka ne, tushen ba naka ba ne.

Duk wannan bayani yana rushewa idan tun a situdiyo ba a san wa ke da me ba. Wani ya kawo baitoci, wani ya kawo kari, mai kiɗa ya ƙara abin da ya zama shi ne ran waƙar. Kafin a watse a ɗauko takarda a rubuta sunan waƙa, kwanan wata, cikakken sunan kowa da kasonsa, jimla ta ba da 100, kowa ya sa hannu ya ɗauki hoto a wayarsa. Na san abin da ke hana mu: kunya. Ana ganin neman rubutu tsakanin abokai kamar zargi ne. To, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma ga muminai aka saukar da ita. Ranar da waƙa ba ta kawo ko kwabo ba, rabonta minti biyar ne. Ranar da ta kawo miliyan, kowa da irin tunawarsa.

Aikin aji

Ku kasu uku-uku, ɗaya ya karanta wannan sashe da ƙarfi. Misali ne aka tsara don darasi:

"Marubuci ya miƙa wa Kamfani dukkan haƙƙin mallakar waƙoƙin da ya rubuta a baya da waɗanda zai rubuta cikin wa'adin wannan yarjejeniya, a duk faɗin duniya, tsawon rayuwar haƙƙin. Wa'adi shekara uku ne, ko har sai Marubuci ya kawo waƙa 12 da suka fito kasuwa, duk wanda ya fi tsawo. Kamfani zai biya Marubuci kashi 60 na abin da ya iso hannunsa, bayan cire naira 1,500,000 da ya ba shi. Kamfani na iya miƙa wannan yarjejeniya ga wanda ya ga dama."

1. Sayarwa ce ko haya? Wace kalma ta nuna muku?
2. Marubucin nan koyaushe shi da abokinsa suke rubutu, rabi da rabi. Waƙa nawa zai kawo kafin ya fita?
3. Idan naira 500,000 ke isowa hannun Kamfani duk shekara, shekara nawa za a yi kafin Marubuci ya fara karɓar kuɗi?
4. Akwai kalmomi biyu a layin farko da suka kwashe abin da Kamfani bai sha wahalarsa ba. Ku nemo su.
5. Ku sake rubuta sashen da Hausarku yadda waƙoƙin za su dawo hannun Marubuci, ku faɗi bayan shekara nawa, sannan ɗaya daga cikinku ya zauna a kujerar Kamfani ya faɗi abin da zai nema a madadin haka.